Kundin aiki: shafi guda da JavaScript zalla

3 ga Fabrairu

Aikin ba shi da girma. Shafi ne guda mai nuna jerin littattafai, da akwatin bincike a sama, da maɓalli a gaban kowane littafi da za a danna in an are shi ko an dawo da shi. Bayanan daga sabar suke zuwa, wato kwamfutar da ke ajiye su tana aiko wa shafin. Da React ko Vue zan yi amfani, da tuni na gama, amma ba gamawar nake nema ba. Na gindaya wa kaina sharaɗi biyu. Na farko, babu firemwok (shiryayyen tsarin gina shafi irin React da Vue), babu laburaren kowa, daga HTML da CSS sai JavaScript yadda burauza ta san shi. Na biyu, kafin in gudanar da kowane ɗan kod, sai na rubuta a takarda abin da nake zaton zai fito a konsol (tagar da burauza ke nuna saƙonnin kod), da wanda zai riga wani fitowa. In zato ya dace da abin da ya fito, in wuce. In sun saɓa, to aikin ranar ya samu.

Tun a layin farko aka fara. Na sa tag ɗin `script` a cikin `head`, na nemi akwatin bincike da `document.querySelector`, sai aka ba ni `null`, wato babu komai. Akwatin yana nan a HTML, amma a lokacin da kod ya tambaya, burauza ba ta kai gare shi ba tukuna. Daga sama take karanta shafi zuwa ƙasa, kuma da zarar ta ci karo da `script` sai ta dakata, ta sauke fayil ɗin, ta gudanar da shi, sannan ta ci gaba da karatu. In an ƙara `defer`, za ta sauke fayil ɗin a gefe, ba za ta gudanar da shi ba sai ta gama karanta shafin, kuma za ta bi jerin da aka rubuta fayilolin. `async` kuwa ba ruwansa da jeri, wanda ya riga sauka shi zai riga gudana. Na zaɓi `type="module"`, wanda dama jira yake yi kamar `defer`. Sai dai Chrome ba ya yarda a buɗe irin wannan fayil kai tsaye daga cikin kwamfuta, dole na tayar da ƙaramar sabar gwaji.

Tambayar da na rubuta a saman takardata ita ce: yaushe wannan layin zai gudana?

6 ga Fabrairu

Yau nau'o'in ƙima na duba. `typeof null` ya ba ni `"object"`, kamar yadda kowa ya sani, amma na bi sawun dalilin. Brendan Eich ne ya rubuta harshen a kamfanin Netscape a 1995, kuma samfurin farko cikin kusan kwana 10 ya haɗa shi. An fara kiransa Mocha, ya koma LiveScript, sannan a watan Disamba na shekarar ya zama JavaScript. A waccan sigar ta farko, alamar da ke bambanta nau'in ƙima a ƙwaƙwalwar na'ura ta sa `null` ya faɗa cikin rukunin `object`. An gane kuskure ne, an kuma so a gyara, amma shafuka sun riga sun dogara a kansa.

Wannan hali ne na harshen da ya kamata mutum ya sani da wuri: ana ƙara masa sabo, ba a cika cire tsoho ba. An ba shi ƙa'ida a rubuce da sunan ECMAScript a 1997, bugu na uku ya fito a 1999, na huɗu aka yi ta jayayya a kansa har aka jingine shi, na biyar ya zo a 2009, sai babban sauyi na 2015 da ya kawo `let` da `const` da `class` da `Promise`. Daga nan kwamitin TC39 mai kula da ƙa'idar ya koma fitar da sabon bugu kowace shekara. Duk da haka shafin da aka rubuta a 1999 yana buɗuwa a yau. Har ta kai a 2018 an so a ƙara wa jeri wata dabara mai suna `flatten`, sai aka ga za ta lalata tsofaffin shafukan da ke amfani da laburaren MooTools, aka sauya mata suna zuwa `flat`. Ni dai ban ga laifin wannan tsari ba, ko da yake mai koyo ne ke biyan kuɗinsa, don sai ya san hanya biyu ko uku na yin abu ɗaya, ya kuma san wadda aka daina bi.

8 ga Fabrairu

Gwaje-gwajen takarda. `0.1 + 0.2` ya ba da `0.30000000000000004`, kuma wannan ba na JavaScript kaɗai ba ne, ƙa'idar IEEE 754 ta ajiye lambobi masu ɗigo a na'ura ce da yawancin harsuna ke bi. `[10, 9, 1].sort()` ya dawo da `[1, 10, 9]`, domin in ba a faɗa masa yadda zai gwada ba, mayar da lambobi yake yi rubutu ya jera su harafi bayan harafi. A cikin `Date`, Janairu shi ne wata na 0.

Biyu daga ciki ne suka shafi shafina kai tsaye. Duk abin da aka karanto daga akwatin shigar da bayani rubutu ne, ko da lamba aka buga. Saboda haka `"5" + 1` zai ba da `"51"`, alhali `"5" - 1` zai ba da `4`. Na sa `Number()` tun daga bakin ƙofa, a wurin da ƙimar ke shigowa, don kada in riƙa tunawa da shi a ko'ina. Na biyun shi ne yawan kwafin littafi. In aka rubuta `kwafi || 1`, littafin da ba shi da kwafi ko ɗaya zai nuna yana da guda, saboda `||` yana ɗaukar `0` tamkar babu komai. `??` da ya shigo a 2020 shi ya dace a nan, don `null` da `undefined` kawai yake maye wa gurbi.

Batun `==` da `===` ban ɓata lokaci a kai ba. Mai alama uku, wato `===`, zan riƙa rubutawa.

13 ga Fabrairu

Da gangan na rubuta tsohon tarkon nan don in gan shi da idona:

```
for (var i = 0; i < 3; i++) {
  setTimeout(() => console.log(i), 0);
}
```

Abin da ya fito shi ne 3, 3, 3. Da na sauya `var` zuwa `let`, sai 0, 1, 2. Bambancin kalma ɗaya, amma abubuwa biyu ne a ƙarƙashinsa. `var` iyakarsa fankshin (dunƙulen kod da ake kira ya yi aiki) ce gaba ɗaya, saboda haka `i` guda ɗaya ce tal duk zagayen uku ke rabawa. `let` iyakarsa baka biyun nan ne, kuma a zagayen `for` kowane zagaye yana samun tasa `i` sabuwa. Abu na biyu, ƙananan fankshin ɗin ba ƙimar `i` suka ɗauka a lokacin da aka rubuta su ba, ma'ajin kanta suka riƙe. Ba su leƙa ciki ba sai da lokacin gudanarsu ya yi, a lokacin kuwa zagaye ya ƙare, `i` ta kai 3.

Wannan riƙon shi ne abin da littattafan koyo ke kwashe babi guda suna bayani. Fankshin yana tafiya da muhallin da aka haife shi a ciki. Ko da uwar fankshin ta gama aikinta ta koma, ma'ajiyoyinta ba sa gushewa muddin akwai ɗa da ke nuni gare su. Na yi amfani da shi nan take: fankshin guda da ke riƙe da jerin littattafai a cikinta, ta miƙo wa waje `ƙara` da `nemo` da `sauya` kawai. Babu wanda zai taɓa jerin sai ta waɗannan ukun.

Na kuma gwada kiran ma'aji kafin layin da aka ayyana shi. Da `var`, `undefined` ake ba ka shiru, ka ci gaba da tafiya a kan kuskure. Da `let` ko `const`, nan take za a tsayar da kai da `ReferenceError`. Na fi son wanda ke tsayar da ni.

17 ga Fabrairu

Jerin ya fara bayyana a shafi. Abin da ya zauna mini yau shi ne `document` ba na harshen JavaScript ba ne. Ka duba ƙa'idar ECMAScript daga farko har ƙarshe, ba za ka ga `document` ko `setTimeout` ko `fetch` ba. Burauza ce ke ba da su. Shi ya sa a Node.js, wanda Ryan Dahl ya fitar a 2009 a kan injin V8 na Chrome, harshen yana nan yadda yake amma babu `document`. Bishiyar DOM kuwa ba ita ce fayil ɗin HTML ba. Abin da burauza ta gina ne bayan ta karanta shi, har da gyare-gyarenta. Na rubuta tebur ban sa `tbody` ba, da na duba bishiyar sai ga shi ta sa da kanta.

Wajen cika jerin akwai hanya mai sauƙi, wato a haɗa rubutu a zuba a `innerHTML`. Na gwada ta da littafin gwaji da na sa wa wannan suna:

```
<img src=x onerror="alert(1)">
```

Akwatin gargaɗi ya faɗo. Tag ɗin `script` da aka cusa ta `innerHTML` ba ya gudana, kuma wannan ne ke yaudarar mutane su ɗauka hanyar ba ta da haɗari. Amma hoton da ya kasa sauka yana tayar da `onerror`, kuma duk abin da ke ciki zai gudana da cikakken ikon shafin, tamkar ni na rubuta shi. Tunda sunayen littattafai wasu ne za su shigar da su, na koma `createElement` da `textContent`, wanda ke ɗaukar rubutu a matsayin rubutu, ko me ke cikinsa. Layukan sun ƙaru, na yarda da hakan.

20 ga Fabrairu

Da farko kowane maɓalli na ba shi nasa mai sauraro da `addEventListener`. Da littattafai kaɗan lafiya lau. Amma duk sanda aka sake zana jerin bayan bincike, tsofaffin maɓallan sun tafi da masu sauraronsu, sababbi kuma sai an sake ɗaura musu.

Mafitar tana cikin yadda danna ke tafiya a bishiya. In ka danna maɓalli, labarin daga saman bishiyar yake farawa, ya gangaro reshe bayan reshe har ya iso maɓallin, sannan ya juya ya hau sama ta hanyar da ya biyo. A zamanin gasar burauza, Netscape gangarowa ta zaɓa, Microsoft ta zaɓi hawa, sai ƙa'idar da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar a shekarar 2000 ta haɗa duka biyun. In ba ka ce komai ba, a kan hanyar hawa ake kiran mai sauraronka. Saboda haka mai sauraro ɗaya a kan uwar jerin ya isa: in danna ta iso, in tambayi `event.target.closest("button")` wane maɓalli ne, in karanta lambar littafin daga `dataset`. Ko jerin ya sauya sau nawa, uwar tana nan daram.

`closest` ɗin ba ado ba ne. A cikin maɓallin akwai ɗan hoto, kuma in yatsa ya sauka a kansa, `event.target` hoton ne, ba maɓallin ba. Ba kuma kowace aukuwa ke hawa ba: `focus` ba ta hawa, `focusin` ce ke yi. Sai fom ɗin bincike, wanda ke sake loda shafin gaba ɗaya da an danna Enter, har sai da na kira `preventDefault`.

22 ga Fabrairu

Yau `this` kawai na duba, kalmar da fankshin ke nuni da ita ga mai ita. Ba inda aka rubuta fankshin ke tantance shi ba, yadda aka kira ta ne. `kundi.sauya()` yana ba da `kundi`. In na miƙa `kundi.sauya` ga `addEventListener`, fankshin ce kaɗai ta tafi, ta baro mai ita a baya, kuma `this` ya zama reshen da aka ɗaura wa sauraron. Fankshin mai kibiya (`=>`) ba ta da nata `this`, na wurin da aka rubuta ta take ara. `class` ma na leƙa ƙarƙashinsa: abu yana neman sifa a jikinsa, in bai samu ba ya tambayi `prototype` ɗinsa, shi ma ya tambayi na gaba, har a kai `null`. Tunda tsarin 13 ga wata yana yi mini aiki, ban ga abin da zai kai ni `class` a wannan shafin ba.

27 ga Fabrairu

Nan ne gindin maganar, kuma nan na fi daɗewa.

```
console.log("A");
setTimeout(() => console.log("B"), 0);
Promise.resolve().then(() => console.log("C"));
console.log("D");
```

A, D, C, B. Mutum zai iya haddace wannan amsa bai fahimci komai ba, saboda haka na ƙi wucewa sai na iya bayyana ta ba tare da na duba ko'ina ba.

JavaScript na shafi a kan zare ɗaya yake gudana. Ma'aikaci ɗaya ne a bakin taga, mutane sun yi layi a gabansa, kuma in ya kama aikin mutum ba ya sakinsa sai ya gama. `setTimeout` ba cewa yake yi a gudanar da abu bayan lokaci kaza ba. Cewa yake yi a sa shi a layi bayan lokaci kaza. Burauza ce ke riƙe da agogon, kuma in lokaci ya cika, aikin zai shiga layi ya jira. Ko sifili aka rubuta, sai kod ɗin da ke gudana ya kai ƙarshe. Shi ya sa D ya riga B.

C kuma ya riga B ne saboda layin ba ɗaya ba ne. Akwai babban layi, inda agogo da danna da saƙonnin sadarwa ke jira. Akwai kuma ƙaramin layi na abin da ya biyo bayan `Promise`, wato alƙawarin sakamakon da zai zo daga baya. Da zarar aikin da ke hannu ya ƙare, sai an share ƙaramin layin tas, har da waɗanda suka shigo ana cikin sharewa, kafin a waiwayi babban layi. Zanen allo ma a tsakanin manyan ayyuka yake samun wuri.

Wannan jimla ta ƙarshe ita na gwada, don gani ya kori ji. Na rubuta layi mai sa kalmar "Ana tacewa" a shafi, na bi shi da zagayen `while` da ke cin daƙiƙa uku, sannan layi mai goge kalmar. Kalmar ba ta taɓa fitowa ba. An sauya bishiyar DOM kam, amma burauza ba ta samu sararin zana ta ba, kuma kafin ta samu an riga an goge. Cikin daƙiƙa ukun nan maɓalli bai dannu ba, rubutu bai shiga akwati ba. Danne-dannen da na yi ba su ɓace ba, layi suka shiga, da zagayen ya ƙare sai suka zubo gaba ɗaya.

Sai na gwada wata dabara da na sha gani: a nannaɗe aiki mai nauyi cikin `Promise` wai don kada ya tsayar da shafi. Bai hana komai ba. `Promise` ba ya buɗe sabon zare. Har ma na rubuta fankshin da ke sake sa kanta a ƙaramin layi ba iyaka, shafin ya sandare ƙam, alhali irinta da `setTimeout` ta bar shafin yana numfashi, saboda tsakanin kowane kira da na gaba burauza na samun damar zane.

A allon da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa, abin da ke tsakanin zane da zane bai kai milisakan 17 ba, kuma a ciki ne kod ɗina da lissafin salo da shimfiɗa da zanen kansa za su raba. Aiki mai nauyi ko dai a yanka shi gunduwa-gunduwa, ko a kai shi Web Worker, wanda ke da nasa zaren amma ba ya iya taɓa DOM, sai dai ya aiko da saƙo. Na lura kuma ba a dogara da `setTimeout` wajen auna lokaci: in kira ya shiga cikin kira fiye da hawa biyar, burauza ba ta sauka ƙasa da milisakan 4, in kuma shafin yana ɓoye a baya, tana iya ja masa rai har daƙiƙa guda ko fiye.

3 ga Maris

Na haɗa shafin da sabar. `fetch` yana da hali guda da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe: amsar kuskure daga sabar, kamar 404 ko 500, ba gazawa ba ce a wurinsa. Sabar ta amsa, shi ke nan, ya cika alkawari. Sai sadarwa ta yanke ko burauza ta hana ne yake faɗawa `catch`. Saboda haka `response.ok` nake dubawa kafin komai. Jira kuma biyu ne, ɗaya na kan amsar, ɗaya na jikinta da `response.json()`.

`async` da `await` sun shigo a 2017, kuma sun sa kod yana karantuwa daga sama zuwa ƙasa. Amma bayan aikin makon jiya, ina kallon kowane `await` a matsayin wurin da fankshin ta ajiye aiki ta fita, duniya ta ci gaba da juyawa, sannan ta dawo ta ƙaramin layi. Duk abin da ta sani kafin ta fita yana iya sauyawa kafin ta dawo.

Kafin in kai ga nan sai da CORS, dokar burauza kan karanta bayanai daga wani asali daban, ya tare ni. Shafina yana kan `localhost` a wata ƙofa, sabar bayanai a wata ƙofar daban, kuma a wurin burauza asali biyu ne, domin asali ya ƙunshi tsarin sadarwa da sunan gida da lambar ƙofa. Na duba rajistar sabar, ashe buƙatar ta isa, har an amsa. Burauza ce ta hana kod ɗina karanta amsar, tunda sabar ba ta aiko da `Access-Control-Allow-Origin` ba. Babu abin da za a rubuta a ɓangaren shafi ya buɗe wannan, a sabar ake gyara shi. Da na zo aika `PATCH` na sauya matsayin littafi, sai na ga burauza ta fara tura `OPTIONS` tana neman izini tukuna.

5 ga Maris

Bincike yana tura buƙata ga sabar da kowane harafi. A kwamfutata komai na zuwa nan da nan, don haka na sa wa sabar gwajin jinkiri na ganganci, wani kira ya yi sauri, wani ya yi nawa. Na buga "tar", na ƙarasa "tarihi". Sakamakon "tarihi" ya fito, jim kaɗan sai na "tar" ya iso a makare ya hau kansa. Akwati na cewa abu ɗaya, jeri na nuna wani. Babu saƙon kuskure ko ɗaya a konsol, kuma kowane layi daidai yake in an karanta shi shi kaɗai.

Irin wannan matsalar ce ta sa na ɗauki aikin tun farko. Firemwok ba ya kawar da ita, mutum na iya rubuta ta a React kamar yadda zai rubuta ta a nan. Gyara biyu na yi. Na sa jinkirin milisakan 300 bayan harafin ƙarshe kafin a tura komai, kuma kowane sabon harafi yana soke agogon da ya gabata da `clearTimeout`. Wannan ya rage yawan buƙatu, amma bai hana tsohuwa riskar sabuwa ba. Abin da ya hana shi ne `AbortController`: kafin sabuwar buƙata ta tashi, a soke wadda ke hanya. Sokewar tana zuwa `catch` da sunan `AbortError`, dole a ware ta, in ba haka ba mai amfani zai riƙa ganin saƙon gazawa alhali ba abin da ya gaza.

Na kuma cire wani `forEach` mai `async` a ciki, domin `forEach` ba ya jiran kowa. Inda nake son bi da bi, `for...of` da `await`. Inda buƙatun ba su dogara da juna ba, `Promise.all`.

10 ga Maris

Na so in ba da damar fasa sauyi, sai na ajiye tsohon jerin a wani ma'aji kafin in taɓa shi. Zatona a takarda shi ne "tsohon" zai sauya tare da sabon, haka kuwa aka yi. Sanya jeri a sabon ma'aji ba kwafi ba ne, suna biyu ne a kan abu ɗaya. `const` ma bai tsare komai ba, sunan yake ɗaurewa, ba abin da ke ciki ba. `[...jeri]` yana kwafe jerin, amma littattafan da ke ciki su ne dai na da. `structuredClone` ne ya kwafe har ƙasa. `localStorage` kuwa, wurin ajiyar da burauza ke ba shafi, rubutu kawai yake karɓa, in ka ba shi abu kai tsaye `[object Object]` za ka tarar, sai an bi ta `JSON.stringify`.

Daga nan na sake tsara shafin: bayanai a wuri ɗaya, fankshin `zana` guda da ke gina jerin daga bayanan, kuma babu wanda ke taɓa DOM sai ita. Kod ya yi sauƙin bi ƙwarai. Sai dai sabon ciwo ya fito. In mutum yana amfani da kibod, ya kai kan maɓalli ya danna, `zana` tana rushe jerin ta gina sabo, maɓallin da yake kai ya ɓace, sai ya tsinci kansa a farkon shafi. Mai linzami ba zai lura ba, amma wanda ke dogara da manhajar karanta allo zai rasa inda yake. Yanzu na ga da idona aikin da firemwok ke yi in yana gwada sabon jeri da tsoho yana taɓa abin da ya sauya kawai, na kuma gane dalilin da React ke nacewa sai an ba kowane layi `key`.

12 ga Maris

Na raba `zana` biyu. Bincike yana sake gina jerin duka, danna maɓalli kuma layin littafin kaɗai yake gyarawa, ta lambarsa. Mai kibod yana zama inda yake.

Da na cika sabar gwajin da littattafai 5,000, ginin farko ya yi nauyi. Ma'aunin aiki na Chrome ya nuna inda lokacin ke tafiya: a cikin zagayen ina ƙara layi, in karanta `offsetHeight`, in sake ƙara wani, kuma kowace karantawa tana tilasta wa burauza ta sake lissafin shimfiɗar shafin nan take. Na fitar da awon daga cikin zagayen, na tara layukan a `DocumentFragment` na zuba su sau ɗaya. Ya ragu sosai, amma har yanzu aiki ɗaya ne dogo da ke riƙe zaren. Abin da ke gabana shi ne in zana layukan da ke bayyane a allo kawai, in ƙaro sauran da `IntersectionObserver`, mai sanar da kod in abu ya shigo allo, yayin da mutum ke gangarawa, sannan in duba ko `Ctrl+F` na burauza zai ci gaba da amfani tunda yawancin littattafan ba za su kasance a cikin bishiyar ba.